Yadda Ake Zaɓen Kalmar Turanci Idan Kaya Ko Aiki Ba Su Da Inganci

Ɗan kasuwa ya yi odar yadi daga birnin Guangzhou na ƙasar China, dila ta iso, ya kwance ya ga ba irin samfurin da aka aiko masa ba ne. An tura injiniya ta duba ajujuwan da ɗan kwangila ya ce ya kammala, ta tarar shafen siminti yana zuba da zarar an taɓa bango. Malamin jami'a yana rubuta rahoto kan kundin ɗalibin da bai faɗi ba, amma kuma babu abin yabo a aikinsa. Dukkansu da Turanci za su rubuta, kuma galibi kalma biyu ce ke fara zuwa musu: "bad" ko "fake". Ta farko ba ta bayyana komai, ta biyu kuma zargi ne mai nauyi wanda sau tari ba shi ake nufi ba.

Turanci yana da tarin kalmomin kushe kaya da aiki, kuma kowacce tana nuna wurin da aibin yake da girmansa. Wanda ya dace da kalmar, ya fi kusa da a mayar masa da kuɗinsa ko a sake masa aikin. Wanda ya kuskure ta, sai ɗaya ɓangaren ya kama kalmar ya yi ta jayayya a kanta, maganar kayan ta bi ruwa. Ga yadda ake bi.

Mataki na farko: ka tantance aibin da Hausa tukuna

Kafin ka taɓa ƙamus, ka dubi abin ka faɗa wa kanka da Hausa abin da ke damunsa. Kadaran-kadahan ne, ba yabo ba fallasa? Ko akwai ma'aunin da aka yi yarjejeniya a kai, shi kuma bai kai ba? Ko mai aikin ne ya yi sakaci ko ha'inci? Ko an yi abin daidai amma wannan da ya zo hannunka ba ya aiki? Ko kuwa jabu ne, an lulluɓe shi da sunan wani kamfani?

Waɗannan aibobi biyar ne daban-daban, kuma kowane yana da kalmominsa. Yawancin kurakuran da ake yi ba daga rashin Turanci suke tasowa ba. Mutum ne yake fara rubutu cikin ɓacin rai tun bai tsaya ya rarrabe wane aibi yake gabansa ba. Caja da ta daina aiki bayan mako ɗaya tana iya zama ta kamfanin gaske da ta zo da matsala, tana iya zama ta ƙaramin kamfani maras ƙarko, tana kuma iya zama ta jabu. Ka gano wacce ce, sannan ka wuce gaba.

Mataki na biyu: idan abin kadaran-kadahan ne

Babbar kalmar wannan rukuni ita ce "mediocre", ana furta ta kamar midiyoka. Asalinta daga Latin ne, daga kalmar da ke nufin tsakiya, shi ya sa mutane da yawa ke ɗauka cewa ba ta da zafi. Tana da zafi ƙwarai. Bature idan ya ce abinci ko wasan ɗan ƙwallo "mediocre" ne, yana nufin an sa rai da abin da ya fi haka, aka samu na gama-gari. Kada ka rubuta ta a rahoton ma'aikacin da kake son a ce aikinsa da dama-dama, domin za ka yi masa illa ba tare da ka yi niyya ba.

Idan tsaka-tsaki kake nufi da gaske, "average" ta fi sauƙi, musamman inda akwai lissafi, kamar makin jarrabawa. "Ordinary" da "unremarkable" suna nufin babu abin da zai ja hankali. "Run-of-the-mill" ita ce ta fi kusa da gama-garinmu. Ta samo asali ne daga kayan da ke fitowa daga masaƙa ko injin niƙa kai-tsaye, ba a tsaya an ware na musamman daga cikinsu ba. "So-so" ta hira ce, ba a sa ta a wasiƙar ofis. "Lacklustre" kuma ta fi dacewa da abin da ake yi a gaban jama'a, kamar jawabi ko wasa ko cinikin wata guda, idan ya zo babu armashi. 'Yan Amurka suna rubuta ƙarshenta da "er", 'yan Birtaniya da "re".

Akwai wasu guda uku da ya kamata a yi hattara da su, domin a ido kamar yabo ne: "passable", "adequate" da "satisfactory". Ma'anarsu ita ce abin ya isa a wuce da shi, bai ƙara ko taku ɗaya ba. A Ingila, hukumar Ofsted mai duba makarantu ta daɗe tana ba wasu makarantu matsayin "satisfactory", sai a 2012 ta soke shi ta maye gurbinsa da "requires improvement", wato ana buƙatar gyara. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka nauyin kalmar a kunnen masu harshen. Idan wani ya nemi ka rubuta masa takardar shaida don neman aiki ko karatu a waje, ka kira shi "adequate", ka sani ba ka taimake shi ba.

Mataki na uku: idan akwai ma'auni kuma bai kai ba

A nan ne ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati suka fi buƙatar natsuwa. Kalmar da ta fi ƙarfi a takarda ita ce "substandard". Tana nufin akwai ƙa'ida a rubuce, kayan kuma sun gaza ta: rodin da kaurinsa bai kai wanda aka rubuta a kwangila ba, wayar lantarkin da jan ƙarfen cikinta ya yi siriri, siminti da bai kai ƙarfin da ke jikin buhu ba. Ita ce kalmar da hukumomi irin su SON mai kula da ingancin kaya da NAFDAC mai kula da abinci da magunguna ke amfani da ita. Sharaɗinta ɗaya ne: duk lokacin da ka rubuta ta, ka shirya amsa tambayar wace ƙa'ida ce aka saɓa. Idan ba ka da amsa, ka sauko zuwa "poor quality" ko "low quality", waɗanda ba su buƙatar hujjar takarda kuma suna shiga ko'ina.

"Inferior" kalmar kwatanci ce. Tana cewa wannan bai kai wancan ba, don haka ta fi amfani idan kana da samfuri a hannu. Ka lura da nahawunta, domin a nan ake yawan tuntuɓe: "inferior to" ake cewa, ba "inferior than" ba, kuma ba a sa mata "more" a gaba. Ka kuma tsayar da ita a kan kaya. Kiran mutum ko al'umma da ita raini ne mai muni.

"Second-rate" da "third-rate" suna da tarihi. Rundunar sojan ruwan Birtaniya ta kasa jiragen yaƙinta zuwa aji shida bisa yawan igwar da suke ɗauka. Masu igwa 100 ko fiye su ne ajin farko, kamar jirgin Victory da ya yi yaƙin Trafalgar a 1805. Na aji na uku, masu igwa 64 zuwa 80, ba lalatattu ba ne, su ne ma suka fi yawa a sahun yaƙi. Daga baya ne kalmomin suka bar teku suka zama na kushe. A yau ra'ayi suke bayyanawa, akwai kuma ɗan raini a cikinsu, don haka sun fi dacewa da sharhi kan fim ko otal ko jagoranci fiye da takardar neman diyya.

"Subpar" da "below par" suna nufin ƙasa da abin da aka saba gani daga mutum ko kamfani. Suna da taushi, domin suna ɗauke da ma'anar cewa an san mai aikin yana iya abin da ya fi haka. Ga abokin ciniki na shekaru wanda ya aiko kaya marasa kyau sau ɗaya, a ganina su ne zaɓin da ya fi kiyaye zumunci.

Mataki na huɗu: idan laifin hannun mai aiki ne

Kalmar da nake so kowane mai hulɗa da magina da teloli da kafintoci ya riƙe ita ce "shoddy". Asalinta sunan wani irin ulu ne. Wajen 1813, wani mutum mai suna Benjamin Law a garin Batley da ke yankin Yorkshire a Ingila ya fito da hanyar yayyaga tsofaffin tsummokaran ulu, a haɗa su da ɗan sabon ulu a sake saƙawa. Yadin yana da araha, a ido kuma kamar sabo. Lokacin yaƙin basasar Amurka da aka fara a 1861, wasu 'yan kwangila suka ɗinka wa sojoji kaki da irin wannan yadi mafi ƙasƙanci, ruwan sama na dukansa yana zagwanyewa a jikinsu. Tun daga nan kalmar ta ɗauki ma'anar da take da ita yanzu: abin da aka yi da kayan banza ko da sakaci, ana nuna shi kamar na ƙwarai.

Shi ya sa "shoddy" ta fi "poor" zafi. Ba kayan kaɗai take kushewa ba, tana taɓa amanar wanda ya yi su. Ta fi zama tare da "work", "workmanship", "goods" da "construction". Kada ka rikita ta da 'yan uwanta biyu masu kama da ita a furuci: "shabby" tana nufin abin da ya tsufa ya ƙoƙe, "shady" kuma tana nufin harkar da ake zargin akwai rashin gaskiya a cikinta. Kujera tana iya zama "shabby" bayan shekara ashirin alhali kafinta ya yi aikinsa da kyau.

Sauran na wannan rukuni kowacce da inda take nunawa. "Flimsy" ta abu ce maras ƙwari, kamar yadi shara-shara ko ƙofar langa-langa ko kwalin da ba zai jure hanya ba. Ana kuma cewa da uzuri maras tushe "flimsy excuse". "Sloppy" sakaci ce, kamar ɗinkin da aka bar zare yana reto ko rahoto cike da kurakuran rubutu. "Slapdash" aikin garaje ce. "Botched" kuma ta aikin da aka kwaɓa ce gaba ɗaya, musamman gyara: makanike ya buɗe inji ya mayar da shi ya fi da lalacewa. Ga gini akwai "jerry-built", wato ginin da aka ɗora cikin gaggawa da kayan araha.

Idan kuma abin yana aiki amma ƙyale-ƙyalensa ne ya yi yawa ba tsari, kalmomin su ne "tacky", "gaudy" da "tawdry". Ta ƙarshen ta fito ne daga sunan wata waliyyiyar Kirista, Audrey, wadda ake sayar da leshin wuya mai araha a kasuwar bikin tunawa da ita a garin Ely. Waɗannan duk maganar ɗanɗano ce, ba a neman diyya da su.

Mataki na biyar: ka raba lalatacce da jabu

Wannan ne matakin da kuskurensa ya fi tsada. Abin da kamfanin gaske ya yi amma ya zo da matsala "defective" ne ko "faulty". Su ne kalmomin da garanti ya sani. Idan ka rubuta wa kamfani cewa wayarsa "fake" ce, zai iya amsa maka da cewa tunda ba tasa ba ce, babu ruwansa da ita. Idan ka ce "defective", ka ɗora masa alhakin gyara ko canji. A hira ana cewa "dud" ga abin da bai taɓa aiki ba, kamar batir ko kwan fitila. A Amurka, motar da ta fito daga kamfani da matsalar da ta ƙi gyaruwa ana kiran ta "lemon", har akwai dokokin kare masu saye da ke ɗauke da wannan suna. Jihar Connecticut ce ta fara yin tata a 1982.

Jabu kuma yana da nasa kalmomi. "Counterfeit" ita ce ta shari'a, ga kaya ko kuɗin da aka kwaikwayi na wani don a yaudari mai saye. "Fake" ita ce ta yau da kullum. "Knock-off" kwaikwayo ne mai araha wanda galibi mai saye ya san ba na asali ba ne. Idan algus aka yi, kamar a zuba wa zuma sukari ko a gauraya fetur da kananzir, kalmar ita ce "adulterated".

A harkar magani bambancin ya kai ga rai da mutuwa. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da kalmomin da za a riƙa amfani da su. "Substandard" shi ne maganin da aka ba izini amma ya gaza ƙa'idar inganci, misali sinadarin cikinsa bai cika ba. "Falsified" shi ne wanda aka yi ƙarya da gangan game da ko mene ne shi, ko abin da ke cikinsa, ko inda ya fito. A shekarar ce kuma hukumar ta ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin goma na kayan magani a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita yana cikin ɗayan rukunan biyu. Ma'aikacin lafiya ko ɗan jarida da ke rubutu kan wannan batu bai kamata ya gauraya su ba, domin na farko yana iya zama gazawar masana'anta ko ta ajiya, na biyu kuwa laifi ne da aka shirya.

Ka kuma yi hattara da abin da kake wallafawa. A 2023 wata mata a Najeriya ta shiga hannun 'yan sanda bayan ta rubuta ƙorafi a Facebook kan wani tumatirin gwangwani. Ba ina cewa a yi shiru a kan kayan banza ba, mai saye yana da haƙƙin ya yi magana, kuma hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye tana karɓar ƙorafi. Amma ka rubuta abin da idonka ya gani da abin da za ka iya tabbatarwa. Kalmomi irin su "fake" da "adulterated" zargin aikata laifi ne, sai da hujja.

Mataki na shida: ka duba wanda kake wa magana

A tsakanin abokai, ɗan Birtaniya zai ce "rubbish", ɗan Amurka ya ce "trash" ko "garbage", duk dai shara ke nan. "Junk" tarkace ne, "lousy" ta ɓacin rai ce. "Crap" da "crappy" suna yawo sosai a intanet, amma suna ɗauke da ma'anar ƙazanta. Kada su shiga saƙonka ga malami ko shugaba ko abokin ciniki.

Kalmomi biyu suna yawan jawo rashin fahimta tsakaninmu da baƙi. Ta farko "cheap". Tana nufin araha, tana kuma nufin maras daraja, kuma mai sauraro ne ke zaɓen wadda zai ji. Mu ma mun ce araha ba ta ado. Idan kana tallar kayanka, ka ce "affordable" ko "inexpensive". Ta biyu "local". A Turancin Najeriya akan yi amfani da ita da ma'anar ƙauyanci ko rashin inganci, amma a Birtaniya da Amurka ba ta nufin haka ko kaɗan, yabo ne ma ga abinci da sana'ar hannu. Idan ka ce wa Bature kaya "local" ne kana kushe su, zai ɗauka talla kake yi musu.

Ka kuma koyi jin kushen da aka lulluɓe, musamman daga 'yan Birtaniya. "Disappointing", "not up to scratch" da "leaves a lot to be desired" duk kushe ne mai ƙarfi cikin lafazi mai laushi. Ɗalibin da malaminsa ya rubuta masa ɗaya daga cikinsu ya san akwai babban gyara a gabansa. "Not bad" kuwa sau da yawa yabo ne.

Mataki na bakwai: ka haɗa kalmar da hujja

Kalma ɗaya tak ta kushe ta isa a saƙo guda. Jera uku ko huɗu yana sa a ɗauke ka mai fushi, a daina duba hujjarka. Tsarin da ya fi aiki shi ne: abin da aka yi alkawari, abin da ya iso, kalmar da ta dace, sannan abin da kake nema.

Dokar kare masu saye ta Birtaniya ta 2015 ta ce dole kaya su cika sharuɗɗa uku: "of satisfactory quality", "fit for purpose" da "as described". Ko ba da ɗan Birtaniya kake ciniki ba, waɗannan lafuzza sun zama ruwan dare a kasuwancin intanet. "Not as described" na nufin kayan ba su yi daidai da bayanin da aka yi ba, "not fit for purpose" kuma ba za su yi aikin da aka saye su dominsa ba. Ƙarfinsu shi ne ba su zagi kowa ba.

Ɗan kasuwar da yadinsa ya zo ba daidai ba zai iya rubuta: "The fabric delivered is inferior to the sample you sent. It is thinner and the colour runs after one wash. The goods are not as described, and I am requesting a replacement or a refund." Ya faɗi cewa yadin bai kai samfuri ba, ya fi shi siriri, yana zuba a wanki ɗaya, sannan ya nemi canji ko kuɗinsa. Sai ya haɗa da hoton samfurin da na kayan gefe da gefe, da lambar odar da ranar da dilar ta iso. Injiniyar kuma, idan ta auna ta ga an saɓa abin da ke cikin kwangila, sai ta rubuta "substandard" ta kawo sashen da aka saɓa da awon da ta samu. Idan kayan aikin sun cika ƙa'ida amma hannun magini ne ya gaza, "poor workmanship" ce kalmar rahoton hukuma.

Duk sabuwar kalmar da ka tsinta, kafin ka yi amfani da ita ka neme ta a ƙamus ɗin masu koyon Turanci da ke intanet, ka duba ɗan tambarin da ke gefenta. "Informal" na nufin ta hira ce, "disapproving" na nufin akwai kushe a cikinta, "offensive" kuma na nufin ka bar ta. Sannan ka karanta jimlolin misali biyu ko uku, ka ga da waɗanne sunaye take tafiya, ka gwada ta a jimlarka kafin ka tura saƙon.